Ragowar Furar Inna

A gidan Rabi'u mai auduga, a Bungudu, akwai wata ƙwarya da ba a haɗa ta da sauran ƙore wajen wanki. An ɗora wuƙa a wuta an yi mata shaida a baki, don kada wani ya yi kuskure ya ɗauka. Ludayinta ma daban yake. Ƙwaryar Inna Tambaya ce, mahaifiyar maigidan, wadda tari ya kwantar tun kafin marisuwa, annobar murar nan da ta share gidaje a ƙasar Zamfara. Annoba ta zo ta kwashi majiya ƙarfi ta wuce, ta bar tsohuwa da tarinta.

Kowa a gidan ya san sunan ciwon, amma ba mai faɗa. In baƙo ya jiyo ta ya tambaya, sai a ce sanyi ne irin na tsufa. Dalili kuwa, a wancan zamani in aka ji tarin fuka a gida, to an daina neman aure a gidan, an daina sayen furarsu, gaisuwa ma daga bakin zaure ake yin ta.

Wasila matar Sahabi ce, ƙanen Rabi'u. Sahabi ya fi kowa zama wurin uwarsa, shi ne kuma tarin ya ɗauke da bazara. Ranar da Wasila ta fita takaba ta ɗaure 'yan tsummokaranta za ta koma wurin danginta a 'Yandoto, sai Rabi'u ya sa aka kira ta ƙofar turakarsa. Ta durƙusa daga nesa, kai a ƙasa.

"Ba mu hana ki tahiya," in ji shi. "Amma yarinya tamu ta. Jinin gidanga ta, nan za ta tashi."

Yarinyar da yake nufi Maijidda ce, wadda ba ta wuce shekara biyar ba. Ita ce 'yar farin Wasila, ita kaɗai kuma Allah ya ba ta. Kun dai san kunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi ko da zuciyarta na ƙuna. Tun da aka raɗa wa yarinyar suna, Wasila ba ta taɓa furta shi ba, sai dai "ke" ko "yarinyag ga". To ta yaya za ta buɗe baki a gaban yayan miji ta ce ba ta iya rabuwa da ita? Sai ta ce, "To, Yaya, in zauna." Ta koma ta kwance ƙunshinta.

Gari na wayewa Luba, matar Rabi'u, ta same ta a madafa da fara'arta.

"Tun da kin zauna, ga Inna nan. Ke ad da hannun jinya, Wasila, kowa ya shaida. Ni kin gani ga goyo, kuma warin ɗakin tada min zuciya shika yi. Ke ko lada za ki kwasa."

Ɗakin Inna yana can ƙuryar gida, bayan rumbuna. An yarda cewa iska ce ke tayar mata da tari, saboda haka aka toshe 'yar tagar da tsumma, aka saki tufaniya a ƙofa dare da rana, ga wuta kullum a ƙarƙashin gadon ƙasa. In ka shiga, hayaƙi da warin kaskon tofi ne za su fara gaishe ka. A nan aka shimfiɗa wa Wasila tabarma, daf da gadon, wai don ta riƙa jin motsin tsohuwa. Ita ce ɗagawa, ita ce kwantarwa, ita ce zubar da kasko ta sake masa toka. In tari ya sarƙe Inna, Wasila ce ke tallafe ta a ƙirji, tsohuwa na yi mata tari a fuska. Da ta samu sarari kuma ga auduga an ajiye mata, ta ɗauki mazari ta yi wa maigida kaɗi.

Ranar farko da ta kai wa Inna fura, tsohuwa ta yi ludayi uku ta ture. Wasila ta fito da ragowar za ta zuba wa awaki, sai Luba ta yi salati.

"Kingin tsohuwa za ki ba bisashe? Ke ba a koya miki ba gidanku? Albarka ta. Shanye."

Gaskiya ne, al'ada ce: abin da babba ya ci ya rage, ƙarami ke samu, ana kuma murna da shi. Wasila ta dubi shaidar wutar da ke bakin ƙwaryar, ta dubi Luba. Luba ta kau da kai tana gyara goyo. Daga ranar aka daina gutsura wa Wasila tata furar, tun da ai tana samu a ɗakin Inna. Tuwon dare ma haka, akushi ɗaya ake kai musu, sai tsohuwa ta cakula ta bari. Mai jinya da kaɗi wuni guda ba ya zama da yunwa, dole uwar na ƙi. Ta sha.

Abin da ke ci mini rai ke nan duk lokacin da na tuna labarin nan. Da rashin sani ne, da na yi musu uzuri, don rashin sani ya fi dare duhu. Amma matar da ke cewa albarka ce, ita ce ta mari ɗanta ranar da ta gan shi ya taɓa ludayin Inna, ta kai shi bakin randa ta dirje masa hannu da toka. Albarkar nan mai yawa, ba a taɓa sam wa ko ɗaya daga cikin 'ya'yan Rabi'u ba.

Da kaka ta yi aka fara shigo da gero, Wasila ta fara ɗan tari busasshe. Ta ce ƙaiƙayi ne. Aka gama sussuka tari bai tafi ba. Da yamma jikinta ya yi zafi, da safe ta tashi zanenta sharkaf da gumi. Zanen da take ɗaurawa sau ɗaya ya koma zagaye ta har da saura. Ta san hanyar, don ta raka mijinta a kanta tun daga farko har ƙarshe.

Sai ta fara korar Maijidda. Da can yarinyar kan zo bakin ƙofa da 'yar kyanwarta ta zauna, wani lokaci ta kutso kai ta kwanta a cinyar uwarta in ba idon kowa. Yanzu da Wasila ta hango ƙafarta ta ƙarƙashin tufaniya sai ta daka mata tsawa.

"Ke! Wuce can! Mi kika nema nan?"

Yarinya ta koma tana kuka. Matan maƙwabta da ke shigowa daka suka ce kai, kunyar ɗan fari ta Wasila har ta yi yawa, ta zama ƙiyayya. Ba wanda ya ga yadda take toshe baki da gefen zane tana nata kukan a ciki. Wadda ta ji tausayin yarinyar ita ce Shafa'atu, babbar 'yar Rabi'u, budurwa mai sanyin hali. Ita ta ɗauke Maijidda zuwa ɗakinsu, tana yi mata kitso, suna kwana tare.

Ranar da Wasila ta ga jini a kakinta, ta jira la'asar ta je ta durƙusa inda Rabi'u ke ɗinke bakin taikin auduga.

"Yaya, na ga jini."

"Jinin mi?"

"Cikin kaki. Irin na marigayi."

Ya ɗaga kai ya dubi katanga ko maƙwabta na ji, sannan ya rage murya. "Riƙe bakinki. Wa yac ce miki marigayi tari yak kashe shi? Sanyin hwadama na. Ke ko ga kyanwag ga da yarinya ka yawo da ita, kullum tana cikin ƙore. Gashinta kinka haɗiye, shi na ka cin ƙirjinki."

Mutane dai na cewa wanda ya haɗiye gashin kyanwa tari zai kama shi, Rabi'u kuwa ya samu inda zai rataye laifi. Kafin magariba aka cusa kyanwar Maijidda a buhu aka kai ta ƙetaren gulbi aka yar. An bar jaki ana dukan taiki. Yarinya ta rasa uba, uwa na korar ta, yanzu ga abokiyar wasanta ma an raba su.

Da tari bai tsaya ba, aka kira wanzami aka ce masa beli ne ya sauko mata a maƙogwaro. Aka danne ta a tsakar gida, ya zura ƙarfensa ya yanke. Ta yi kwanaki ko ruwa ba ya wucewa sai da hawaye. Luba ta ce to, an yi mata magani, saura kuma sai haƙuri, ciwo ai daga Allah yake, kowa da ranarsa.

Wasila ba ta kanta take yi ba kuma. Da muryarta ta dawo ta sake komawa wurin Rabi'u, ta kewaye kunya iyakar iyawarta.

"Yaya, da an kai yarinyag ga 'Yandoto wurin kawunta Garba, ta ɗan kwana biyu."

"Don mi?"

"Iskar gidanga..."

"Iskar gidanga lahiya lau take," ya katse ta. "Kin san an yi ma Shafa'atu miji Gusau, ɗan babban gida, masu sai da tuhwahi. Bakin yaro ba shi da ƙulli. Ta tahi can ta ce innata na tari, kakata na tari, kahin kasuwa ta ci magana ta kai Gusau. So kike ki kashe ma ɗiyata aure? Ki bari a gama biki, sai mu gani."

Ya kuma gargaɗi mutanen gidan cewa kada wanda ya karɓi saƙonta zuwa ko'ina. Ga ta ba ƙafar tafiya, ga 'Yandoto can bayan Gusau, kusa da Tsafe.

Saura mutum ɗaya da take ganin zai iya juya Rabi'u. Wata rana da hantsi, bayan ta goge wa Inna jiki ta jingina ta da bango, ta ce, "Inna, ki sa baki. Ke kaɗai Yaya ka jin maganakki. A hid da yarinyag ga daga gidanga."

Tsohuwa ta dubi wutar da ke ƙarƙashin gado. Hawaye ya biyo tamojin fuskarta.

"Na sani, Wasila. Abin da yac ci autana daga ƙirjina yah hito. Ga shi ya kama ki. Kullum sai na roƙi Allah shi ɗauke ni, ya ƙi."

"To ki yi magana, Inna."

"In yarinya ta tahi, ke ma bin ta za ki yi. In kin tahi wa za shi ɗaga ni? Luba? Luba ko ƙohwag ga ba ta takawa." Ta kama hannun Wasila ta riƙe gam. "Ki yi haƙuri, ɗiyata. Ba ni daɗewa."

Amma ta daɗe. Irin wannan tari wani lokaci yakan lallaɓa tsoho shekara da shekaru, ya sami matashi ya cinye shi kamar wuta a busasshen kara. Kafin zafin bazara ya kankama, mai jinya ta fi majinyaciya jin jiki. Mazari ya gagare ta. In za ta zubar da kasko sai ta huta a hanya, tana dafa rumbu.

Ranar da za a kawo lefen Shafa'atu daga Gusau, gida ya tashi da hidima tun da sassafe. Aka share tsakar gida aka yayyafa ruwa, aka ɗora tukwane. Luba ta leƙo daga nesa ta ce wa Wasila kada ta kuskura ta fito har baƙi su tafi, in tari ya zo ta cusa zane a baki. A ranar Wasila ta yunƙura ta je ɗauko furar Inna, ƙafa ta ƙi. Tana kwance sai ta jiyo muryar Luba a bayan rumbu, tana magana da lallashi.

"Riƙe da hannu biyu. Shiga ki kai ma kakakki. In ta rage ki shanye, kin ji? Albarka ta. Daga yau ke ka kai mata, tun da uwakki ta kasa."

Wasila ba ta san inda ta sami ƙarfi ba. Da rarrafe ta isa ƙofa, ta ɗaga tufaniya. Ga Maijidda tsaye da ƙwarya mai shaida a hannu, tana murmushi, don yau an ba ta izinin shiga wurin uwarta. Wasila ta fizge ƙwaryar.

"Koma! Kada in ƙara ganin ƙahwakki nan!"

Murmushin ya mutu a fuskar yarinyar. Ta juya da gudu.

Wasila ta ba Inna fura, tsohuwa ta yi ludayinta uku ta ture. Yau Wasila ba ta shanye ragowar ba. Ta rufe da faifai ta ajiye a gefenta, ta jingina da bango tana mai da numfashi. Ta gane cewa haƙurinta ba zai ceci kowa ba. Ranar da aka fita da gawarta, tabarmar nan da ƙwaryar nan yarinyarta za a ba, a kuma kira shi gata. Tura ta kai bango.

Da azahar aka ji guɗa a zaure. Matan Gusau suka shigo da lefe a ka, gabansu Iya Zainabu, gwaggon ango, doguwar tsohuwa mai kaifin ido. Aka shimfiɗa musu tabarmi a inuwar ɗurumi, aka kawo ruwa da goro. Da suka nemi gaida tsohuwar gida, Luba ta ce ai ciwon ƙafa ya hana ta barci jiya, yanzu ta samu ya ɗauke ta. Aka buɗe kaya ana ɗagawa ana yabawa. Can Iya Zainabu ta ce ita fa ba ta tako daga Gusau don ta ga bango ba, a fito mata da amarya ta gani. Aka yi dariya, aka jawo Shafa'atu lulluɓe da mayafi, ta durƙusa a gabanta.

A daidai nan Wasila ta fito daga bayan rumbuna. Tana tafe tana dafa bango, ƙwarya a hannu, ƙasusuwan wuyanta duk a waje. Hira ta tsaya. Ta zo ta durƙusa kusa da Shafa'atu, ta gaida baƙi da muryar da ba ta fita sosai, ta buɗe faifan.

"Inna ta rage ma amarya hura. Ta sha albarkar kakarta kahin ta tahi gidan miji."

"Madalla!" in ji Iya Zainabu. "Haka aka yi gidan mutunci. Sha, ɗiyata, kingin tsoho ba a ƙin shi."

Shafa'atu ba ta saba musu da manya ba. Ta miƙo hannu daga cikin mayafi ta kama ludayi. Allah ya sani Wasila ba ta yi niyyar bari ta kai baki ba, don yatsunta na kan ƙotar ludayin ba ta saki ba. Amma ba a kai ga haka ba. Luba ta yi tsalle ta tsallake kayan lefe, ta kai wa ƙwaryar duka. Ƙwarya ta bugi tushen ɗurumi ta rabe biyu, fura ta fantsama a kan sababbin zannuwa.

"Kashe min ɗiya za ki yi?" Luba ta ƙwala ihu. "Muguwa! Kashe ta za ki yi?"



"Kashewa?" in ji Iya Zainabu a hankali. "Da hurar kakarta?"

Wasila ce ta amsa.

"Iya, ni ka shanye ta kullum tun da nih hita takaba. Yau da sahe kuma ɗiyata anka ce ta hwara." Ba ta taɓa cewa "ɗiyata" a gaban mutane ba sai ranar. Tana rufe baki tarin da ta danne tun safe ya ƙwace, ya tanƙwara ta har goshinta ya taɓa ƙasa. Da ta ɗago, ga jini ja wur a kan turɓaya, gefen farar fura. Daga can ƙuryar gida kuma tarin Inna ya amsa.

Iya Zainabu ta sa tsinke ta juya ɓarin ƙwaryar, ta ga ƙunar wuƙa a bakinta.

"Mi yas sa anka yi ma ƙwaryag ga shaida?"

"Ai ita... ita ta saba," in ji Luba, tana nuna Wasila. "Jikinta ya saba da ɗakin. Kuma ba mu tilasta ta ba."

"Ga sabo nan ƙasa muna gani." Tsohuwar ta miƙe ta karkaɗe zane. "Ciwo na Allah na, ba a yi ma kowa gori da shi. Da kun hwaɗa muna gaskiya, da sai mu zauna mu duba. Amma gidan da aka ɗura ma marainiya abin da aka tsoro, ni ba ni haɗa zuri'a da shi." Ta dubi Wasila. "Ina danginki?"

"'Yandoto. Garba, ɗan Usman maƙeri."

"Masu koli na tahiya kasuwar Tsahe jibi. Za shi ji."

Suka naɗe kayansu da tabon fura a jiki suka fita, ba guɗa.

Rabi'u ya shigo kamar zai ci babu. Ya tsaya nesa da ƙofar ɗakin, don ko a cikin fushi bai manta da tsoro ba, ya yi ta zuba: butulu, mai tona asiri, an riƙe ta an ciyar da ita ta saka da tsiya. Wasila ta bari ya gama, sannan ta ce daga ciki, "Kingi kunka ciyar da ni, Yaya." Sai ya huce a kan wani ɗan akuya da ya gifta.

Wadda aka zalunta a banza a wannan rana ita ce Shafa'atu, kuma Wasila ta san haka. Da yamma ta ga ƙafafunta ta ƙarƙashin tufaniya, ta ce, "Ki gahwarce ni, Shafa'atu. Ban da wata hanya." Sai ta jiyo shesshekar kukan budurwar. Amma da ta tafi, Wasila ta tarar da sabuwar fura a bakin ƙofa, cikin ƙwaryar Shafa'atu ta kanta, cike, ba wanda ya taɓa. Rabonta da irin wannan tun tana takaba.

Garba ya iso da jakuna biyu. Da ya ga ƙanwarsa bai gane ta ba sai da ta yi magana, ya juya baya ya share ido da hannun riga. Rabi'u ya so ya sake tayar da zancen jinin gida.

"Ita ka tahi da ita. Yarinya ko tamu ta."

"To mu tahi gaban alƙali," in ji Garba. "In kira matan Gusau su hwaɗi abin da sunka gani, a kawo ɓarin ƙwarya. Kowa Bungudu shi ji."

Rabi'u ya dubi taikunan audugarsa, ya tuna da masu saye da masu ba shi amana. Ya ce su tafi, Allah ya raka taki gona.

A hanya Wasila ta ce a sa yarinya a jakin gaba, ita a na baya, da tazara. Suka yada zango a Gusau, Iya Zainabu ta ba su rumfa ta dafa musu kunu. Da suka isa 'Yandoto ta ƙi shiga cikin gida. Ta sa Garba ya kafa mata bukka a bakin gona, gindin wata tsamiya, ta ce kada a sa mata ƙofa, ta gaji da rufaffen ɗaki. Akwai wani kututture 'yan taku kaɗan daga bukkar, nan ta yanke iyaka. Maijidda kan kawo abinci ta ajiye a kansa ta ja da baya. Abin da Wasila ta rage kuwa, da hannunta take tona rami ta binne.

Yarinyar ba ta ɗaga ido ta dube ta. Ajiyewa take ta juya, kamar mai kai wa baƙo. Wannan ya fi tarin ci wa Wasila rai.

Wata safiya, hadarin farko na haɗuwa a gabas, Maijidda ta ajiye kunu ta juya za ta tafi. Sai ta ji an ce, "Maijidda."

Ta waiga hagu ta waiga dama tana neman mai kira, don ba ta taɓa jin sunanta da wannan murya ba. Da ta gane, sai ta zabura za ta ruga cikin bukkar.

"Tsaya nan!" Wasila ta ɗaga hannu. Yarinya ta tsaya cik a bakin kututture, tana jiran tsawar da ta saba. "Tsaya nan in gan ki da kyau. Maijidda. Ba ƙin ki nika yi ba, kin ji? Ban taɓa ƙin ki ba. Ciwo na gare ni mai kama na kusa. Da ba shi, da kullum kina bisa cinyata."

"Inna, in kin warke in zo?"

"In na warke ki zo."

Ta sa ta zauna a kan kututturen, ta yi ta kiran sunan, tana tambayar ta wa ya yi mata kitso, me ta ci, kamar mai rama bashin shekaru. Ba ta taɓa ta ba. Kafin a gama shuka Wasila ta rasu. Garba ya cika wasiyyarta, ya farfasa ƙwaryarta, ya cinna wa bukkar wuta da tabarmar da ke ciki.

Maijidda ta rayu. Ta yi aure a Bilbis, ta ga jikoki, tari bai taɓa kama ta ba. Har ta tsufa in ta sha fura ta rage, ba ta yarda a ba yaro.

Yau masu aikin lafiya sun ce tarin fuka wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, kuma ba a ƙwarya ta fi tafiya ba. A numfashi take, mai ciwo ya yi tari ta tashi ta rataya a iskar ɗaki, na kusa ya shaƙa, balle ɗakin da aka toshe tagarsa. Ashe toshe tagar ne ya fi ludayi illa. Wannan bai wanke mutanen gidan Rabi'u ba ko kaɗan. Su ƙwarya suka yarda tana kisa, ita kuma suka miƙa wa wadda ba ta da mai tsaya mata, suka haɗa mata da ɗakin, suka ce lada ne. Irin gidan nan bai ƙare ba. Duba gidan da ke da majinyacin da ake gudu, ka ga wa aka shimfiɗa wa tabarma a gefensa. Ba safai za ka tarar da ɗan masu gida ba.

A Bungudu kuwa Inna Tambaya na nan da ranta, tana bukatar mai ɗagawa da kwantarwa. Aka duba gida kaf, ba wanda ke son lada. Sai Rabi'u ya tuna da wata marainiya a ƙauye, 'yar wani ɗan'uwansu na nesa da marisuwa ta kashe, ya aika aka ɗauko ta, mutane na yaba masa zumunci. Ranar kasuwa aka sayo sabuwar ƙwarya. Luba da kanta ta ɗora wuƙa a wuta ta yi mata shaida.